Jan Kuros Ba Allon Kyamis Ba Ne

Zuwa ga Shugaban Tsangayar Koyar da Shari'a,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina gaishe ka da aiki, tare da malamanka da ɗalibanka, musamman Dakta Asabe mai koyar da dokokin yaƙi. Sunana Ndagi, ni mai kyamis ne a Sabon Gari, nan Minna. Kafin bara ban san yaƙi yana da doka ba. A zatona da zarar an fara harbi, doka ta tafi hutu.

Na ɗaya, yabo. Bara bayan babbar sallah Dakta ta zo shagona da ɗalibanta, suna bincike a kan alamar jan kuros da ake shafawa a shaguna da motoci. Nawa kuwa ƙato ne, tun daga bakin titi ake hango shi. Na ɗauka 'yan haraji ne, na haɗe rai. Baiwar Allah ta zauna a bencina ta yi mini bayani da Hausa tiryan-tiryan: alamar ba ta coci ba ce, ba kuma ta talla ba. Ita da jan jinjirin wata an keɓe su ne domin masu jinya a fagen fama, don mai bindiga ya gani ya ɗauke hannu. In kowa ya shafa, ranar da ake buƙatarta ba wanda zai yarda da ita. Wata ɗaliba ta tuna mini yadda magabatanmu ke yi wa mayaƙa wasiyya kada su taɓa mata da yara da tsofaffi. Wallahi sun burge ni. In haka kuke tarbiyyar lauyoyi, Allah ya saka muku da alheri.

Na biyu, abin da na yi. A makon da suka zo na kira mai fenti ya mayar da kuros ɗin kore, kamar yadda suka ba da shawara. Ba a jima ba wani manomi daga Maikunkele ya ga koren fenti, ya shigo neman maganin feshin ciyawa. Maƙwabta suka sa ni gaba, wai Ndagi ya koma malamin gona. Masu ciwon kai suka riƙa wuce ni suna shiga inda jan fenti yake. Ciniki ya ragu, amma ban yi nadama ba.

Na uku, kokena. An yi mana alkawarin za a dawo, a tara ƙungiyar masu kyamis, a kawo sakamakon binciken da Hausa. Damina ta wuce, wata ta shigo, shiru kake ji. Wani ɗalibinku da ke sayen magani a wurina ya ce an buga shi da Turanci, har an tafa a taro. Madalla. Amma a layinmu ni kaɗai na goge. Na tayar da maganar a taron ƙungiya, aka ce wace doka ce, ina takardarta? Na tsaya ina kame-kame, aka yi mini dariya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, kuma shi ya sa na ɗauki biro. 'Yata Hauwa nas ce, tana bin motar asibiti zuwa ƙauyukan da 'yan bindiga ke kai wa hari. Kwanan baya sun ɗauko wani magidanci da aka harba a ciki. A shingen jami'an tsaro aka tsayar da su, aka sauke kaya ana bincike. Ta nuna alamar da ke jikin motar, jami'in ya ce mata wannan ai har a jikin keke Napep yana ganinta, kuma sun taɓa kama mota mai alamar tana kai wa 'yan daji man fetur. Ban ga laifinsa ba. Mutumin ya cika kafin su iso gari. Hauwa ta dawo ta zauna a tsakar gida da jini a rigarta, ta kasa cin abinci. Tun daga ranar nake jin tsoro, domin in masu tsaronmu sun daina yarda da alamar, ina ga waɗanda ke daji?

Roƙona, ranka ya daɗe: a ba Dakta mota da lokaci ta dawo, ni zan tara mata mutane, kujeru ma a wuyana. A fassara binciken da Hausa da Nufanci da Gwaranci, a karanta a rediyo. A kuma kai shi ga hukumar da ke ba mu lasisi, don ita ce maganarta ke shiga kunnenmu. Don Allah kada a jira zangon karatu na gaba. Ranar Litinin Hauwa za ta sake hawa motar, kuma ba ta da wani sulke sai wannan fentin.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya yi wa malamanka da ɗalibanka albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalam.

Ndagi mai kyamis,
Sabon Gari, Minna.