Baƙon da Ya Ƙi Shan Ruwa

Bagudo, Laraba, watan Sha'aban 1962

Zuwa ga yayana Usuman Riskuwa, Kumasi.

Bayan gaisuwa ta girma da zumunci, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali. Mu nan lafiya lau. Inna ta warke daga ciwon ƙafa, har ta je suna Zagga. Jiragen ruwana biyu na kai busasshen kifi Dahomey kamar kullum, kuma ka sani ba wanda ya ba ni ko filafili, da hannuna na tsai da su.

Yaya, ga abin da ya sa na rubuto. Bayan girbi wani mutum ya yi sallama da hantsi ba na gida. Matata Barira ta aika mashi da ruwa da fura a zaure, kamar yadda take yi wa kowane baƙo, ya shanye tas. Da na dawo na tarar da shi ya sunkuyar da kai. Ya ce sunanshi Cindo, daga wajen Segbana. Ka san sunan, shi ne wanda ake ɗauka haya in ana son a kawar da mutum. Ya ce aiko shi aka yi ya kashe ni, saboda mashigin da jiragena ke bi. Rana ta buge shi a hanya, ƙishirwa ta rufe mashi ido, sai da ƙwarya ta ƙare ya tuna gidan wa yake. Su kuwa a sana'arsu ba a zubar da jinin wanda aka sha ruwan gidanshi. Na matsa ya faɗi wanda ya aiko shi, ya ce wannan ma ba a yi. Har da murmushi ya ce furar matata ta ɓata mashi aiki. Da zai tashi ya ce in kula, wanda za a turo bayanshi ba zai sha kome ba.

Ba a yi wata ba masunta suka tsamo gawarshi a Lolo. Kowa ya gudu, ni na sayi likkafani na tsaya aka binne shi. Mutum ne da ya kashe rayuka, Allah ya san adadinsu, amma ni ina jin kamar nawa ne ya kwanta. Ko yaushe na shiga zaure sai in ga kamar yana zaune inda ya zauna.

Za ka ce in taho Kumasi. Ban iyawa. Ban bar mashigin nan ma wani ba lokacin Turawa, balle yanzu. Abin da nike roƙo shi ne, in ka ji wani labari, ka zo ka ɗauki Barira da ɗiyata Sakinatu, kada a fidda yarinyar daga makaranta.

Ina rubutun nan akwai baƙo a zaure tun azahar. An kai mashi ruwa ya ce azumi yake. Yau ba Litinin ba, ba Alhamis ba. Wataƙila ramuwa yake kafin watan azumi, Allah shi ya sani. Na sa Barira ta dama kunu, ni zan kai mashi da kaina in rana ta faɗi. Takardar kuwa zan ba direba yanzu, kafin nan.

Ka gaishe da Yaya Sabuwa, da Bunyaminu da Mero. Inna na sa maku albarka. Ku sa ni a addu'a.

Ƙanenka,
Sambo mai jirage