Bakin Agwagwar Baba

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya mai jego, ya Kumatu? An ce haƙora sun fara yi mata ƙaiƙayi, shi ya sa na ba direba agwagwar katakon nan ya kawo miki. Kin tuna ta? Ita ce aikin ƙarshe da Baba ya yi a shagonsa kafin ya kwanta ciwo, ya shafa mata ragowar jan fentin ƙofarmu, don ɗana Takwara da ya ci sunansa. Kada ki ga bakinta ya koɗe ki ce na aiko miki tsohon kaya. Takwara ne ya cinye fentin tas lokacin da yake fitar da haƙori, sai ka ce alewa.

Shi kuwa yaron nan zai kashe ni. An sake maimaita masa aji. Na koya masa harafi da safe, kafin azahar ya bi iska. Jiya na zane shi har hannuna ya yi tsami. Taurin kai ne kawai, wallahi.

Ki gaida mai gidan.
Yayarki

Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa. Saƙo ya iso, na gode, amma ki zauna kafin ki karanta sauran.

Na je awon Kumatu da agwagwar a hannunta. Nas ta karɓa, ta goga wani ɗan tsinke a fiffiken, sai launinsa ya sauya. Ta ce akwai gubar dalma a fentin, irin na da da ake shafa wa ƙofofi. An duba jinin Kumatu, lafiyarta ƙalau, ba ta daɗe da ita ba.

Yaya, ba don Kumatu na rubuto ba. Nas ta ce dalma tana da ɗan zaƙi, shi ya sa yara ke gwaguyarta, kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa: mantuwa, rashin natsuwa, karatu ya ƙi zama. Ta tambaye ni wa ya cinye fentin bakin. Sai hawaye suka zubo min.

Don Allah ki kai Takwara asibiti. Ki ajiye bulalar nan tukuna.

Ƙanwarki,
Auta

Auta,

Babu doguwar gaisuwa yau. Baban namu kike cewa ya sa wa jikansa guba? Mutumin da ya wuni yana goge agwagwar nan da sanfefa don kada sartse ya soki yaro? Haba Auta! Ki dawo min da kayana in ba kya so. Asibiti kuma zan je, don dai in rufe miki baki.

Yayarki

Auta, ƙanwata,

Ki yafe min. Ina fata kuna lafiya.

Mun je. Likita ya yi ta tambayoyi, ya duba shi, ya ce ba zai rantse ba bayan shekarun nan, amma alamu sun nuna dalmar ce. Za a taimaka masa da karatu a hankali. Abin da ya riga ya lalace kuwa, ya ce kada in sa rai sosai.

Baba bai sani ba, Allah ya ji ƙansa. Ni ma ban sani ba. Ni ce nake tura wa Takwara agwagwar a baki in ya dame ni da kuka, in samu in gama wanki. Zuciyata ta karye, Auta.

Da muka dawo na zauna bakin gado, na kira shi don in rungume shi. Ya zo a hankali ya tsaya gabana. Sai ya miƙo min tafin hannunsa, ya runtse ido, yana jira.

Kada ki dawo da agwagwar. Ki sa mu a addu'a.

Yayarki