Injin Da Ka Sayar Wa Hamidu

Zuwa ga Alhaji, mai shagon injuna da ke bakin titi a Dogon Dutsi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da kasuwa. Ban kama sunanka ba, domin ba tonon asiri na zo yi ba, kuma ka san da kai nake. Sunana Garba, ina gyaran injin ban ruwa a garin nan. Ni ne wan Hamidu, wanda ya zo daga ƙauyenmu na ƙasar Guéchémé a bazarar da ta wuce, ya sayar da sansa na huɗa, ya sayi injin yankan itace a hannunka. Hamidu ya rasu, kuma injin nan ne sanadi.

Na farko, abin da ya faru. An yi gayya a ƙauye don tsaga giginya, a samu azarar rufin masallaci. Tun safe injin yake aiki a hannun Hamidu cikin zafin rana, daga wannan gungume zuwa wancan. Bayan azahar bakinsa ya ci karo da wuri mai tauri, ya yi tsalle da baya. Akwai birki da aka yi don irin wannan, wanda yake tsayar da sarƙar yankan nan take. Birkin bai kama ba. Sarƙar ta sami Hamidu tsakanin wuya da kafaɗa. Aka ɗora shi a amalanke, ka kuma san yashin hanyarmu. Ba su isa likita da shi ba.

Na biyu, abin da na gani da na buɗe injin bayan an share makoki. Na sha gyara irin wanda masu aikin hanya suke riƙewa. Wancan cikinsa ƙarfe ne, yana da nauyi, yana yini yana aiki, in wani abu ya ci sai a kwance a sa sabo. Wanda ka ba ƙanena kuwa gangar jikinsa roba ce. Ɗan haƙorin da ke tura mai zuwa ga sarƙa shi ma roba ne, ya suɗe, sarƙar tana gudu a bushe. Wurin da birki ya zauna ya yi laushi don zafi, ya karkace. Na riƙe shi a hannu na daɗe ina kallo, ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba.

Ba na cewa wanda ya ƙera shi ya yi ha'inci. Ya yi shi ne don mai gida ɗaya da 'yar bishiya a tsakar gida, ya sassabe reshe jefi-jefi ya mayar ɗaki ya rataye. Shi bai san mu ba. Amma kai, Alhaji, Ba'are ne, ɗan ƙasar nan kamar mu. Ka san inji ɗaya in ya shiga ƙauye ya zama na kowa. Iska ta kayar da gawo a gonar wane, a kira Hamidu. Za a yi rumbu, a kira Hamidu. Ba wanda zai dubi idon kawunsa ya ce masa inji na hutawa. Ka kuma san yadda muke sayen kaya: mu ji ƙara, mu ga fenti yana ƙyalli, shi ke nan mun yarda. Wanda ya rako shi ya shaida mini cewa Hamidu ya gaya maka giginya zai riƙa tsagawa, ya tambaye ka ko zai yi, ka ce zai yi har ya wuce. Wannan kalma ita ce take ci mini rai.

Na uku, na yi imani da ajali, kuma dattawa sun ce mu bar wa Allah, mun bari. Ba diyya nake nema ba, ba kuma zan kai ƙara ba. Matar Hamidu tana takaba, mahaifiyarmu ba ta iya jin ƙarar babur ba tare da ta toshe kunne ba. Wannan nauyinmu ne, za mu ɗauka. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, ranar kasuwa na wuce ta ƙofar shagonka, na ga 'yan'uwan injin nan a rataye, na ga wani magidanci da rawanin ƙauye yana juya ɗaya a hannu, yana murmushi don ya ji ba nauyi. Na wuce ban shiga ba.

Don haka ina roƙonka. Ka raba su a shago, na gida gefe, na sana'a gefe. Ka tambayi mai saye aikin da zai yi, in ya ce giginya ko gayya, ka gaya masa gaskiya ko da zai fita bai saya ba. Waɗanda ka riga ka sayar wa, ka san ƙauyukansu, ka aika a ce su tsaya a duba musu birki. Ni zan duba kyauta.

Allah Ya ƙara wa kasuwarka albarka, Ya tsare 'ya'yanka. Allah Ya jiƙan Hamidu. Ni na yi masa wanka, Alhaji. Allah kada Ya nuna maka a jikin naka abin da na gani a wuyansa.

Wassalam.

Garba, wan marigayi Hamidu,
Dogon Dutsi.