Matata Ta Rantse Ba Za Ta Shiga Motar Asibitin Da Nake Tuƙawa Ba

Hajiya Zulai, Allah ya ƙara miki lafiya. Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle kuma lokaci yana ƙure mini. Ni direban motar asibiti ne a wani gari na yankin Bungudu, ba nisa da Nahuce. Ba zan faɗi sunana ba, ko da yake ɓoyewar ba ta da wani amfani, tunda motar guda ce a garin, direban ma guda ne.

Bari in fara da asibitinmu, don kada ki ɗauka ƙararsa na kawo. Lokacin korona asibitin nan ya mutu murus. Ma'aikata suka watse, awon ciki ya tsaya, rigakafin yara ya tsaya, awakin unguwa suka mai da barandar wurin kwanansu. Abin da ya rage yana motsi ni ne da motar. Duk wanda numfashinsa ya sarƙe ni ake kira in kai shi Gusau inda ake killace mutane. Wasu ba su dawo ba sam, wasu kuma ni na dawo da su a lulluɓe.

Yanzu, alhamdulillahi, in kika zo ba za ki gane wurin ba. An yi sabon rufi, an sa sola, firjin rigakafi yana aiki dare da rana, an haƙa rijiyar burtsatse, an turo mana nas-nas da ungozoma mai takarda. Ranar awo mata har ƙarƙashin darbejiya suke zama don benci ya kasa. Motar ma an gyara ta, sabon gado, tukunyar oksijin, sababbin tayoyi, an sake mata fenti. Komai ya farfaɗo ban da sunanta. Har yau makara mai taya suke ce mata. Matasa a bayan idona suke faɗa, tsofaffi kuwa a gabana, su gama su tambaye ni ya aiki.

Kwanakin baya na dawo daga Gusau na tsaya ƙofar gidan kawuna Ɗayyabu in gaishe shi. Aka kawo fura, na ɗan jima. Kafin in fito maƙwabta sun ga motar, sun shimfiɗa tabarmin zaman makoki a ƙofar gida, an jera butoci. Wani mai himma ya buga waya 'Yandoto wajen dangin matar Kawu. Da la'asar sai ga su mota cike, mata na salati tun daga bakin titi, suka iske Kawu zaune a zaure yana yanke farce. Bai yi fushi da su ba, ya ce ko ba komai ya ga waɗanda za su zo. Ni ya yi wa fushi. Ya ce daga ranar in zan gaishe shi in ajiye motar bayan firamare in tako da ƙafa, kuma haka nake yi.

Ladanin unguwarmu ma da ciwon ciki ya kayar da shi, cewa ya yi gara a ɗaure shi a bayan kabu-kabu. Da rawaninsa aka ɗaure shi jikin mai babur ɗin suka kama hanyar Gusau, ni kuma ina biye da su a hankali da mota babu kowa a ciki, ko da za a buƙace ni. Tare muka isa.

Ba wai ba ta aiki ba ne. Mutanen ƙauyukan gefe da na rugage suna kirana, haka waɗanda suka suma, su ba a tambayarsu. Da yawa sun warke sarai. Nakan kai su in juyo ni kaɗai don kada a bar asibiti ba mota, in an sallame su sai su hau ta haya daga tasha su dawo abinsu.

Duk wannan na saba da shi. Abin da ya hana ni sukuni matata ce, zan kira ta Mansura. Mahaifinta, Malam Abdulsalami, yana cikin waɗanda na kai Gusau a shekarar cutar, tun ban aure ta ba. Da ƙafarsa ya fito daga gida. Da ya zo shiga motar sai ya tuɓe takalmansa a ƙasa kamar mai shiga ɗakin mutane, ya ce wa Mansura a ajiye masa tuwonsa. Ita ta sunkuya ta ɗauki takalman. A can ya cika, a can aka binne shi, ba wanda ya gan shi a cikin iyalinsa. Ni ne na ƙarshe a garinmu da ya yi magana da shi. Duk hanyar hira ya yi ta yi mini ta bayan gilashi, kan tsadar taki da yadda nake gudu kamar an biyo ni, ya kuma ce 'yarsa ta fi kowa iya miyar kuka a unguwar. Mansura ba ta taɓa tambayata yadda tafiyar ta kasance ba, ni ma ban taɓa ɗauko zancen ba. Da na je neman aurenta abu guda ta gindaya mini, ta ce ni za ta aura, ba motar ba. Na ce na ji, don a lokacin ban ga ranar da za su haɗu ba.

To, ranar ta matso. Haihuwarta ta fari a gida aka yi, ta zubar da jini har muka fid da rai, Allah ya tashi kafaɗunta. Yanzu ciki na biyu ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura, jininta ya hau. Ungozomarmu ta ce wannan ba haihuwar asibitinmu ba ce, sai babban asibiti a Gusau inda ake da jini da ɗakin tiyata. Ta ce da naƙuda ta taso, ko ta ji kai na sara, ko ganinta ya dushe, kada a tsaya jiran komai. Mansura ba ta fashin awo, ba ta wasa da magani, ta yarda da zuwa Gusau, ta yarda da komai sai motar. Ta ce a kai ta a babur, a amalanke, ko a kan jaki. Kin kuma san hanyarmu, da magariba ta yi ba direban hayan da zai fito, ni kaɗai masu tsaron hanya suka sani suke buɗe wa shinge.

Na kai ƙara wajen mahaifiyata, Iya, sai ta goyi bayan surukarta. Ta ce ita ma sau ɗaya za ta shiga wagga mota, kuma ba za ta san ta shiga ba. Na wanke motar ciki da waje, na sa turaren wuta, na roƙi liman ya zo ya yi addu'a a cikinta. Ya zo, Allah ya saka masa, ya yi addu'a mai tsawo ta taga.

Ga kuma shugaban asibitinmu, Malam Lukuman, mutumin kirki ne, shi ya yi ta zarya har aka gyara motar. Ya ce in matar direba ta ƙi shiga, to wa zai shiga? Gaskiya maganar ta zauna mini, don ni ma ina son garin nan ya gani da idonsa. Abokina Kamilu, nas ne a wurinmu, shi kuma cewa ya yi in ce mata to kawai, ranar in ɗauke ta in saka, ciwo ba zai bar ta ta duba fenti ba.

Hajiya, in nuna mata ni ne maigida? In bi ta Kamilu? Ko in zuba ido? Wallahi tsoro nake ji. Na ɗauki matan mutane da yawa a hanyar nan, na san yadda mace ke yin shiru a bayan mota tun ba a hango Gusau ba. Ba na son in san haka a kan tawa.

Direban da ba a yi wa barka da zuwa,
Bungudu.

AMSA

Malam Direba, sannu da ƙoƙari, Allah ya biya ka aikin da ka yi a lokacin da kowa ke gudun kowa. Na yi dariyar Kawu Ɗayyabu da ta liman, amma da na zo kan takalman surukinka dariyar ta tsaya.

Matsala biyu ka haɗa a wasiƙa ɗaya: ran matarka da sunan motarka. Ka raba su yau ɗin nan. Malam Lukuman yana da gaskiya cewa gari na kallon gidanka, amma ya nemi wata hanyar tallata motarsa, ba da mace mai hawan jini a watan haihuwa ba.

Kai ma kana da taka gaskiyar. Motar ce ke da gado da iskar shaƙa, ita ce ake buɗe wa hanya, kuma mai naƙuda a bayan babur ganganci ne. Sai dai Mansura ba jahilci ke damunta ba. Macen da ba ta fashin awo ta yarda da asibiti. Ta ga ƙofar motar nan ta rufe a kan mahaifinta, ba a ba ta ko gawa ta yi kuka a kai ba. Fenti da turare ba sa taɓa wannan wurin.

Ga abin da za ka yi. Kada ka jira naƙuda ta zaɓa maka mota. Ka koma wajen ungozomarku gobe ka tambaye ta ko Mansura za ta iya komawa Gusau tun yanzu ta jira haihuwa a can, ta kuma rubuta muku takardar da za ku nuna a babban asibiti. In ta amince, ka kai ta da rana tsaka, a motar da ranta ke so, ta sauka gidan wani ɗan'uwa ko aminin arziki kusa da asibiti, Iya ko wata babba ta bi ta. Mutumin Bungudu ba ya rasa gidan sauka a Gusau. Ka kuma nemi 'yan'uwan da za su iya ba da jini, ka san lambobinsu tun yanzu. Da wannan rigimar ta mutu ba tare da kowa ya karya rantsuwarsa ba.

Shawarar Kamilu kuwa ka mayar masa da abarsa. Ba a yaudarar mace a ranar da ta fi buƙatar yarda da mijinta, kuma firgici ba alheri ba ne ga mai hawan jini. Maimakon haka ka zaunar da ita tun tana cikin hayyacinta, a gaban Iya da ungozoma, ka gaya mata ƙiri-ƙiri cewa in abu ya taso kafin ku tafi, a motar nan za ka ɗauke ta, ko da za ta yi shekara ba ta yi maka magana ba. Ka faɗa mata dalilin kamar yadda ka faɗa mini, cewa tsoro kake ji. Ina zaton ba ta taɓa jin wannan daga bakinka ba, gardamar taya da oksijin kawai take ji.

Sannan akwai abin da ka riƙe wanda nata ne. Kai ka ji maganar mahaifinta ta ƙarshe, ita kuwa abin da ta sani shi ne an rufe ƙofa. Wataƙila duk shekarun nan tana ɗauka cikin azaba da kaɗaici ya yi tafiyar. Ka nemi lokacin da hankalinta ke kwance ka tambaye ta ko tana son ji. In ta ce e, ka gaya mata duka, har faɗan gudun da ya yi maka da zancen miyar kuka. Kada ka yi haka don ta shiga mota, ka yi don haƙƙinta ne.

Batun gari kuma, ka duba abin da suke gani. Motarka tana fita da mutum ta dawo wayam, wanda ya warke kuma ya sauko daga motar haya kamar ya dawo cin kasuwa. Mutanen garinku sun ga ta dawo da gawa, ba su taɓa ganin ta dawo da mai rai ba. Ku zauna da Malam Lukuman ku tsara: duk ranar da ka kai wani Gusau, ka duba ko akwai ɗan garinku da aka sallama, ka ɗauko shi ka sauke shi a ƙofar gidansa, ya fito da ƙafarsa kowa na kallo. Zai ɗauki lokaci, amma ido ne ya ɓata sunan motar, ido ne kuma zai gyara shi.

In Allah ya sauke ta lafiya aka sallame ku, ka tambaye ta sau ɗaya, a hankali, ko za ta koma gida a motarka da jaririnta a hannu. In ta yarda, ka tuƙa a sannu. In ta ce a'a, ka je tasha ka samo mota, ka riƙe mata jaka, ka ja bakinka ka yi shiru. Motar za ta samu wasu fasinjojin, 'ya'yanka ba za su samu wata uwar ba.

Allah ya raba su lafiya, ya jiƙan Malam Abdulsalami, ya tsare ka a hanya. Ka gaishe mini da Kawu, a ƙafa.

Hajiya Zulai