Na Zaɓa Wa Jikokina Alamar Kuɗi, Sun Daina Magana Da Juna

'Yata mai filin shawara, ki taimake ni, bakina ya jawo mini abin da ya fi ƙarfina. Na haura saba'in, karatuna iyakarsa firamare, amma tsokana ban taɓa ajiye ta ba.

Jikokina biyu ne, Gyuri da ƙanenta Taeho, ni na raine su tun rasuwar uwarsu. Tare suke wani aiki a garin Pangyo, wai ginshiƙi ne da masu gina shafukan intanet za su riƙa ɗora nasu a kai. Yadda suka fahimtar da ni, kowane guntun shafi yana da adireshi, kamar a ce gida, ɗaki, kabad, kuma dole a sa alama tsakanin sunayen. Gyuri ta ce ɗigo. Taeho ya ce sanda mai karkata gaba ( / ). A kan wannan ɗan abin fa! Ita tana ce masa mai kan kabewa, shi yana cewa Yaya ta naɗa kanta sarauniyar ɗigo.

Ran da suka zo mini nan Daegu, a kan abincina suka dasa faɗan, miya har ta huce. Na gaji, na ce a miƙo mini kwamfutar in raba gardama. Wasa nake yi, wallahi. Na duba madannan, na hango alamar kuɗinmu ₩, na dangwala mata yatsa, na ce ga wadda za ta kawo arziki. Kin san mu, babba ya yi magana a kan tebur ba a mayar masa da ita. Ina kuma jin kowa ya gwammace tawa da ta ɗan'uwansa. Suka sa ta, suka saki aikin ga masu gwaji.

Ashe alamar munafuka ce. Mu nan tana nuna mana fuskar kuɗi, a kwamfutocin ƙasashen waje kuwa sanda ce mai jingina baya ( \ ), wai har haɗiye harafin da ya biyo ta take yi. Ƙorafi ya yi ta kwararowa. Ba su gaya mini ba, a waya sai lafiya lau Kaka. Yarinyar da Taeho ke nema ce ta tsegunta mini: kowa na zargin ɗayan da ƙin buɗe baki ranar, sun daina magana sai a rubuce, Gyuri ta ce za ta kwashe rabinta ta kama gabanta. Ga bikin Chuseok na girbi ya ƙarato, lokacin da muke tunawa da mamatanmu, kowa ya aiko cewa in ɗayan zai zo shi ba zai zo ba. To wa zai rusuna gaban teburin tunawa da uwarsu?

In na yi shiru, aikin ya mutu da alamata rataye a wuyansa. In na janye, ɗigo da sanda su sake tashi, a ce in zaɓa. Da wane bakin zan zaɓi jika ɗaya? Abinci ya daina wuce mini. Ki ce wani abu.

Tsohuwa mai ƙaiƙayin baki, Daegu

*

Kaka, ki fara cin abinci tukuna.

Alamarki dole ta fita, kuma ke kaɗai za ki iya fitar da ita, tunda kunyarki ce ta ɗaure su. Yanzu masu gwaji ne kawai, gyara na da sauƙi; in jama'a suka gina a kai, ya zama aiki. Kada ki jira bikin. Ki kira su a waya ɗaya, ki ce kin ji labari, kin karɓe kayanki, ki yi wa kanki dariya kafin su samu damar ba ki haƙuri.

Na tambayi masu sana'ar, sun ce duk biyun da hujjarsu. Ɗigo yana da daɗin karantawa, amma sunayen fayil ma suna ɗauke da shi, ana iya rikicewa. Sandar Taeho kowa ya saba da ita, sai dai tana kama da adireshin shafi, wani zai ɗauka shi ne. Saboda haka ba zaɓinki ba ne, kuma kada ki yarda a mai da shi naki. Ki ba su sharaɗi: su tattaro adireshin da masu gwaji suka rubuta da gaske, Gyuri ta gwada sanda, Taeho ya gwada ɗigo. Wadda ta fi ƙarancin matsala ita ce, kuma wanda ya ƙi ta da farko shi zai sanar.

Sannan ki faɗa musu abin da kika faɗa mini game da teburin uwarsu, ba da wasa ba, sau ɗaya tak. Ba su saba jin muryarki babu tsokana ba, za ta shige su.

Ranar biki ki ajiye musu ƙullin wainar shinkafa a kwano ɗaya su yi aikinsa tare, ki zauna nesa. Kwamfutar kuwa, a ɗora ta inda yatsanki ba zai kai ba. Allah ya haɗa kansu, ya bar mana ke da bakin naki.