Ƙadangaren da Ya Ƙi Rushe Gari

Zuwa ga uwargidana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da mai jego da jikan nan namu, jaririn da ya ƙwace min ke. Ki ja masa kunne kaɗan a madadina.

Kin tambayi jikin Yaya. Da sauƙi, irin sauƙin da ake faɗa wa masu dubiya. Tun da shanyewar ɓarin jikin nan ta same shi, hannun daman yana kwance a cinyarsa kamar baƙon da ya ƙi tafiya. Bakin ya dawo, amma yana tsimin magana. Ɗansa ya bugo waya, ya ce in ba a ga canji ba a dubawa ta gaba, zai ɗauke shi ya kai shi wajensa, can saman dogon benen nan inda ba wanda ya san shi magini ne. Yaya ya ji, ya juya fuska bango.

Likitar gashin ƙashi ta ce yatsun na son aiki, a samo masa wasan bidiyo. Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Maƙwabcinmu tela ya ara mana na'urarsa, na jona da talabijin ɗin falo. Wasan na wani ƙadangare ne da ya sha gurɓataccen ruwan masana'anta, ya kumbura har ya fi bene tsawo. Sana'arsa ɗaya, rushe birni. Na karanta labarin sarakunan da suka ƙone garuruwa, amma su ko ba komai suna da abokan gaba. Wannan ba wanda ya ci masa tuwo, ya dai tashi da ƙaiƙayi ne.

Ni kam na kasa zama. In ɗauki littafi in ajiye, in leƙa ɗakin Yaya, in dawo in gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Ki gaida kowa.

Naki,
Mai-gilashi


Uwargida,

Ina gaisuwa, da fatan gajiyar hidima ta bi lafiya. Na ji jaririn ya ɗauko hancina. Allah ya ba shi haƙuri.

An samu matsala. A abin da ake riƙewa a yi wasan, babban yatsan hagu ne ke tafiyar da ƙadangaren, na dama kuma shi ke kai duka. Wato maganin yana cikin ɓarnar. To Yaya ya ƙware da hagu, ya kuma rantse ba zai fasa ko taga ba. Ki ga ƙaton dodo yana lallaɓawa a tsakiyar titi, yana tattare jela kamar mai gudun taɓo, yana tsayawa gaban gini yana duban yadda aka ɗora shi. Sojoji su yi ta harbinsa har ya faɗi, a rubuta masa cewa ya sha kaye. Hannun daman kuwa ko gezau.

Jiya tela ya shigo, ya kasa daurewa, ya ce Yaya taka mana, ai ba na kowa ba ne. Yaya ya dube shi ya ce, wani ne ya gina. Tela ya ce zane ne fa kawai. Yaya ya ce, kawo rigar da ka ɗinka in yaga, ai zare ne kawai. Wannan ce magana mafi tsawo da ya yi tun kwanciyarsa, na rasa murna zan yi ko kuka.

Na yi masa bayani, na kawo misalai daga tarihi, na ce birane da dama sai da aka rushe su suka yi kyau. Ya ce shi ya sa ba a ba ni aikin gini ba. Don in nuna masa, na karɓa na baje tashar jirgin ƙasa da kaina. Abin da ya dame ni shi ne daɗin da na ji.

Ranar dubawa tana matsowa. Ƙafafuna sun san kowane lungu na gidan nan.

Naki,
Mai-gilashi


Uwargida,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki zauna kafin ki karanta.

Shekaranjiya da safe ɗan Yaya ya sake bugowa, cikin murna, wai ya gyara masa ɗaki, ba abin da zai riƙa yi sai hutu. Yaron nan da zuciya ɗaya ya faɗa. Yaya ya ajiye wayar, ya nuna min na'ura da haɓa.

Ya ja ƙadangaren har gindin ginin da ya fi kowanne tsawo, ya tsaya. Sojoji na ta ruwan wuta. Na ga gumi a goshinsa. Sai babban yatsan daman nan ya yi rawa, ya ɗaga, ya sauka. Bai rushe shi irin na mahaukata ba. Daga sama ya fara, rufi tukuna, sannan hawa bayan hawa, yadda magina ke sauke gini don kada ya danne maƙwabta. Kafin azahar ya gama da unguwar, ni ina tsaye a bayansa ina cizon hannun riga.

Da wasan ya ƙare, sai birnin ya dawo cif, kamar ƙiftawar ido. Nan ne ransa ya ɓaci. Ya ce ba yashi, ba ruwa, ba gumin kowa? Ya ture na'urar, ya ce a mayar wa tela kayan ƙaryarsa.

Daga nan ya sa na riƙe shi zuwa bayan gidan nan, ya nuna min tsagewar da ke jikin katangar kicin, wadda ni ban taɓa lura da ita ba. Yau ga ni da gilashina ina kwaɓa siminti, shi yana zaune a kujera yana cewa ya yi ruwa. Ya ɗauki cokalin gini da hannun dama. Cokalin ya faɗi. Na miƙa masa, ya sake faɗuwa. Na ce ya gwada da hagu, ya ce in yi aikina.

Ban san abin da likita za ta ce ba, amma na buga wa ɗansa na ce kada ya yi saurin sayen labule.

Zan tsaya nan. Na ji ƙarar cokalin a ƙasa, ga shi can yana ƙwala kiran lebura.

Naki har kullum,
Mai-gilashi