Ƙarfe a Cinyar Alewa

Litinin, 5 ga Agusta, 2024

Katangar bayan madafi ta faɗi a ruwan safe. Ta danne kyanwata Alewa. Da hannuna na tono ta, ƙafar baya tana reto kamar ba a jikinta take ba. Ko kuka ba ta yi, sai haki.

Na kai wa Baba. Duk Kurfi da ƙauyukanta wa bai san Malam Ilu mai ɗori ba? Ya taɓa cinyar sau ɗaya ya janye hannu. Wai ƙashin ya fashe, kuma kyanwa ba ta zama da karan ɗori a ƙafa. "Bar ta, Nana. Allah ya yi mata yadda ya so."

Ba zan bar ta ba.

Talata, 6 ga Agusta

Dutsin-Ma. A kwali na sa ta, kwalin a cinyata, mutanen mota suna leƙe suna dariya. Wata ta tambaye ni ko ta sayarwa ce.

Likitan dabbobin mace ce, Dokta Khadijat. Ta sa aka ɗauki hoton ƙashin, ta nuna min inda ya rabu. Ta ce za ta tsaga ta sa ƙarfe, amma aikin gaskiya yana hannuna bayan an koma gida. Na ce a yi.

Ban sanar da Baba ba. Inna kawai na gaya wa, ita ma sai da na sa takalmi.

Alhamis, 8 ga Agusta

Mun dawo. An aske mata cinya, ga ɗinki baƙi, ga wata roba kamar mazurari a wuya don kada ta lashi wurin. Ta tsani robar, ta tsane ni. Likita ta ce babu tsalle, babu hawa, babu fita. Na wanke tsohon kejin kaji na shimfiɗa mata zanena na makaranta. Gara da ake hutu.

Na gaida Baba da yamma. "Lafiya." Shi ke nan.

Lahadi, 11 ga Agusta

Ba ta ƙwayar magani yaƙi ne. Na ɓoye a kifi, ta cinye kifin ta tofar da ƙwayar. Hannuna duk yakushi.

Laraba, 14 ga Agusta

Yau na ji abin da ya faru. An kawo wani daga Wurma da karayar hannu, suna zaure ana shirin ɗori, sai ɗan'uwansa ya ce, "Malam, ashe 'yarka ma asibiti take kai nata?" Aka yi dariya. Baba ya gama ɗorin, amma bai ci tuwon rana ba.

Inna ta same ni a ɗaki. "Ki je ki ba shi haƙuri. Kin zubar mai da girma a kan kyanwa."

Na ce, "Inna, wurinsa na fara kai ta."

Haƙurin me zan bayar? Na hana wani zuwa wurinsa? Shi ya ce a bar ta ta mutu. Ni kuwa na ga idonta a ƙarƙashin ƙasar nan. Ba inda za ni.

Asabar, 17 ga Agusta

Wurin ya kumbura, da zafi. Ta ƙi cin komai. Na tura wa likita hoto a waya, ta ce in kawo ta Litinin, in ya yi ruwa in taho ko yaushe ne.

In ta mutu za su ce ai an gaya min. Su ce.

Ya Allah kada ta mutu.

Litinin, 19 ga Agusta

An wanke, an yi allura, an canza magani. Ƙarfen bai motsa ba. A mota na yi kuka kaɗan, na ce ƙura ce, alhali ruwa ake yi.

Juma'a, 23 ga Agusta

An cire zare. Ta sha madara har tana tura kwanon da hanci.

Baba har yanzu "lafiya". Ni ma "ina kwana" kawai. Muna wuce juna a tsakar gida kamar 'yan haya. Inna ta ce mu biyun kanmu ɗaya, dutse. To ai ba a ƙasa na tsinta ba.

Alhamis, 29 ga Agusta

Sabuwar matsala. Ba ta taka ƙafar, tana ɗage ta, cinyar ta rame. Likita ta ce in riƙa lanƙwasa mata a hankali ina miƙarwa, in ba haka ba za ta sandare. Na gwada. Ta yi ƙara, ta cije ni a babban yatsa, na sake ta. Tsoro nake ji in ɓalla abin da aka gyara.

Inna ta ce, "Ga mai sanin ƙashi a gidan."

Na ce ko ƙafar za ta bushe ba zan roƙe shi ba. Daga baya na ji kunyar maganar, don ba ƙafata ba ce.

Talata, 3 ga Satumba

Na fito da ita inuwar darbejiya ina sake gwadawa, tana ta fizge-fizge. Baba yana alwala. Ya gama, bai tafi ba. Ina jin tsayuwarsa a bayana.

"Ina hoton da aka ce an ɗauka?"

Na ɗauko na miƙa mai ba tare da na dube shi ba. Ya ɗaga shi sama wajen rana. Ya daɗe. Ya bi layin ƙarfen da farce.

"Wa ya yi wannan?"

Na ce wata likita ce, mace.

"Ta iya," ya ce. Ya tafi masallaci da hoton a aljihu. Ban ce ya ba ni ba.

Asabar, 7 ga Satumba

Ban roƙe shi ba, a rubuta wannan. Kejin kawai na ajiye kusa da tabarmarsa saboda can ne inuwa.

Ya buɗe ya ɗauko ta. Munafuka, ko motsi ba ta yi ba, har da lumshe ido. Ya lanƙwasa ƙafar yadda likita ta ce, yana mata magana ƙasa-ƙasa kamar yadda yake wa yara masu karaya. Can ya ce, "Nana, kawo yatsanki."

Ya ɗora shi a cinyarta, ya danna da nasa. Wani ɗan tudu mai tauri a ƙarƙashin fata.

"Kin ji? Ƙashi ne yake haɗa kansa. In kin ji wannan, kin tsira."

Tunda nake a gidan nan bai taɓa sa hannuna a kan ƙashi ba.

Ya ce gobe za a kawo wata yarinya daga Ɗantutture, uwarta ba ta son maza su riƙe ta, ko zan zo zaure in taimaka. Na ce sai na duba, ina da wanki.

Na yi wankin yau.